Daga Månsson Zuwa Lindbergh: Yadda Sunan Gida Ke Ɓata A Hanyar Ƙaura

A ranar 21 ga watan Mayu na shekarar 1927 ne wani saurayi ɗan Amurka mai suna Charles Lindbergh ya sauka a birnin Faris na ƙasar Faransa, bayan ya tuƙa jirgin sama shi kaɗai daga Niyok, sa'o'i 33 da rabi ba tare da ya yada zango ba. Duniya duka ta ji sunansa. To amma duk wanda ya tafi ƙasar Suwidin, inda kakansa ya fito, yana neman haihuwar kakan da sunan Lindbergh, zai dawo hannu biyu.

Shi dai wannan kaka sunansa na yanka Ola Månsson, an haife shi a shekarar 1808 a lardin Skåne da ke kudancin Suwidin. Manomi ne da ya yi fice har ya zama wakilin manoma a majalisar dokokin ƙasar, kuma ya riƙe muƙami a ofishin ba da rance na banki a garin Malmö. Da aka zarge shi da almundahana, sai ya bar ƙasar a shekarar 1859, ya bar uwargidansa da 'ya'ya bakwai, ya tafi da wata mata mai suna Lovisa da jaririn da ta haifa masa, Carl August. Ya zauna kusa da garin Melrose a jihar Minesota, ya koma amsa sunan August Lindbergh. Jaririn nan shi ne ya zama Charles August Lindbergh, ɗan majalisar wakilan Amurka daga 1907 zuwa 1917, mahaifin matuƙin jirgin.

Ko da ba a yi gudun shari'a ba, da ma sunan Månsson ba zai kai ga jika ba. A wancan zamani, al'adar mutanen karkara a Suwidin ita ce a kira yaro da sunan ubansa, a ɗora masa “son”, wato ɗa, yarinya kuwa a ɗora mata “dotter”, wato 'ya. Månsson na nufin ɗan Måns. Da Ola ya bi al'ada, ɗansa Olsson zai zama, jikansa kuma Carlsson. A lokacin, mace ba ta canza suna don ta yi aure. Ke nan a gida ɗaya sai ka tarar maigida da suna daban, matarsa daban, 'ya'yansu daban, kamar dai yadda ake cewa Musa ɗan Audu, ɗansa kuma Garba ɗan Musa.

Akwai kuma wasu hanyoyin samun suna. Daga shekarar 1682 zuwa 1901 ƙauyuka ne ke ɗaukar nauyin sojoji, kuma da yake a runduna ɗaya za a iya samun Andersson da yawa, sai hafsa ya laƙaba wa kowane soja gajeren suna, irin su Rask, mai hanzari, da Modig, jarumi, da Svärd, takobi. Masu sana'a da mazauna birane kuwa sukan haɗa sunayen abubuwan daji: “lind” wata itaciya ce, “berg” dutse, “ström” rafi, “gren” reshe. Daga nan aka sami Lindberg da Bergström da Lindgren. Sai a 1901 hukuma ta fitar da ƙa'idar ɗaukar sunan gida, dokar 1963 kuma ta sa ya zama abin gado.

Tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da shekarar 1930, mutanen Suwidin kimanin miliyan 1.3 suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma yunwar 1867 zuwa 1869 ta ƙara ingiza su. Galibinsu daga tashar Göteborg suke shiga jirgin ruwa zuwa Hull a Ingila, su hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, sannan su haye teku. A can sunayen suka sake juyawa don su dace da bakin Turanci: Johansson ya zama Johnson, Nilsson ya zama Nelson, Svensson ya zama Swanson, Bengtsson ya zama Benson. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya sukan ƙare da sunan gida daban-daban.

To ta yaya jikoki ke gano asalinsu duk da wannan ruɗani? Amsar tana cikin littattafan coci. Dokar coci ta 1686 ta wajabta wa limamai rubuta haihuwa da aure da mutuwa a kowace gunduma. Ban da wannan, limami kan zagaya gidaje yana jarraba karatun jama'a, yana rubuta kowa da ke cikin gida, da ranar haihuwarsa, da inda ya fito. Mai barin gunduma sai ya karɓi takardar ƙaura, a rubuta inda ya nufa. Coci ta riƙe wannan aiki har 1991, lokacin da aka miƙa shi ga hukumar haraji. Daga 1869 kuma 'yan sandan tashar Göteborg sun riƙa ajiye sunayen masu fita. Saboda haka masu bincike ba sa dogara da suna kawai. Abin da suke fara nema shi ne cikakkiyar ranar haihuwa da sunan gunduma, daga takardar mutuwa, ko littafin cocin 'yan Suwidin a Amurka, ko tsohuwar wasiƙa. In an sami waɗannan biyu, sai a bi littafi baya-baya, ɗa zuwa uba, uba zuwa kaka.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mai fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Konni da Illela. Mutum ɗaya ne, amma takardar wannan ɓangare ta ce Mahamadou, ta wancan ta ce Muhammadu. Nan an rubuta Issoufou, can Yusufu. Wani an sa masa sunan uba, wani na kaka, wani na garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Ranar da aka zo rabon gado, ko karɓar kuɗi a banki, ko neman fasfo na aikin Hajji, harafi ɗaya kan jawo zirga-zirgar watanni.

Shawara ga 'yan kasuwa ita ce, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa da wuri, a tsaya kan rubutun suna iri ɗaya a katin shaida da na banki da na makaranta. A kuma sami littafi a gida, a zauna da dattawa tun suna raye, a rubuta sunan uba da kaka da kakan kaka, da laƙabinsu, da garin da aka haife su, da shekarar da suka yi ƙaura, ko da boko ko da ajami. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.