Fashin baƙi: Yadda naɗin mata da batun auren jinsi suka raba kan Cocin Anglikan

A ranar 3 ga Oktoba, 2025, aka sanar da Sarah Mullally, Bishop ta Landan, a matsayin Akbishop ta Canterbury ta 106. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa wa wannan kujera tun da aka kafa ta a shekarar 597. Kwana 13 bayan haka, ƙungiyar GAFCON, wadda Cocin Anglikan na Najeriya ke cikin manyan jigoginta, ta fitar da sanarwar cewa daga yanzu ba ta amince da jagorancin Canterbury ba.

Mutane da dama sun ɗauka cewa ɓarakar ta faru ne don kawai an zaɓi mace. Wannan wani ɓangare ne na labarin. Rigingimu biyu ne suka haɗu a kan mutum ɗaya, kowace da tarihinta: ta naɗa mata limamai, da ta matsayin masu neman jinsi ɗaya a cikin coci. A ƙarƙashinsu kuma akwai tambayar da ta fi su tsufa, wato wa ke da ikon yanke hukunci idan 'yan Anglikan suka saɓa a kan fassarar Littafi Mai Tsarki.

Ɗarikar da ba ta da Fafaroma

Cocin Ingila ya raba gari da Roma a shekarar 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Daga baya ya bazu a duniya ta hanyar mulkin mallaka da ayyukan mishan. A yau Tarayyar Anglikan ta ƙunshi larduna 42 masu cin gashin kansu a ƙasashe kusan 165, kuma ana ƙiyasta mabiyanta da kimanin miliyan 85.

Kowane lardi shi ke tsara dokokinsa, shi ke zaɓar bishop-bishop ɗinsa. Akbishop na Canterbury babba ne a girmamawa, amma ba ya iya tsige bishop a Abuja ko a Nairobi, ba ya kuma iya soke abin da majalisar cocin Amurka ta zartar. Abubuwa huɗu ne ke ɗaure tarayyar: kujerar Canterbury, da Taron Lambeth na bishop-bishop da aka fara a 1867 wanda ake yi kusan duk bayan shekara 10, da Majalisar Tuntuɓa ta Anglikan, da taron shugabannin larduna. Dukkansu shawara suke bayarwa. Ƙudurinsu yana da nauyi a idon jama'a, amma ba doka ba ne a kan kowane lardi.

Muddin ana da ra'ayi ɗaya, wannan tsari ba ya nuna rauninsa. Sai da saɓani ya taso aka gane cewa babu alƙalin da kowa ya yarda da shi.

Naɗin mata: saɓanin da aka iya zama da shi

Mace ta farko da ta zama firist a Anglikan ita ce Florence Li Tim-Oi. Bishop Ronald Hall na Hong Kong ne ya naɗa ta a watan Janairun 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin mabiya a Macau ba su da limami namiji da zai iya isa gare su. Bayan yaƙin, matsin lamba ya sa ta ajiye lasisin aikinta.

Shekara 30 bayan haka, a watan Yulin 1974, aka naɗa mata 11 a birnin Philadelphia ba tare da izinin majalisar cocin Amurka ba. Majalisar ta amince da naɗin mata a 1976. A 1989 Barbara Harris, baƙar fata 'yar Amurka, ta zama bishop mace ta farko a tarayyar.

Ingila ta yi jinkiri. Babbar majalisar cocinta ta amince da firistoci mata a watan Nuwamban 1992, aka naɗa 32 na farko a Bristol a watan Maris na 1994. Batun bishop mace ya faɗi a 2012 da tazarar ƙuri'u shida a ɓangaren wakilan mabiya, sannan ya samu shiga a 2014. Libby Lane ce ta fara, a watan Janairun 2015.

Masu adawa da naɗin kashi biyu ne. Akwai masu kafa hujja da wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Timoti da Korintiyawa, inda suke fahimtar cewa shugabancin ikilisiya na maza ne. Akwai kuma masu kusanci da al'adar Katolika, waɗanda ke cewa manzanni 12 duk maza ne, kuma Anglikan ba ta da hurumin sauya abin da ta gada tare da Roma da cocin Orthodox. Masu goyon baya suna nuni da wasiƙar Galatiyawa a kan daidaiton masu bi, da Fibi wadda Bulus ya ambata a matsayin mai hidimar ikilisiya, da Maryamu Magadaliya wadda Linjila ta ce ita ta fara kai labarin tashin Yesu.

Duk da zafin muhawarar, an samu mafita. Tarukan Lambeth na 1978 da 1988 sun ce kowane lardi ya yanke wa kansa, sauran su mutunta shi. A Ingila aka tanadi bishop-bishop na musamman domin majami'un da ba su yarda da limamai mata ba. Wasu sun fice zuwa Katolika, musamman bayan Fafaroma Benedict na 16 ya buɗe masu ƙofa a 2009, amma tarayyar ba ta tsage ba.

Afirka ma ba ta da murya ɗaya a nan. Kenya da Yuganda suna naɗa mata firistoci tun shekarun 1980. Ellinah Wamukoya ta Swaziland, ƙasar da ake kira Eswatini yanzu, ta zama bishop mace ta farko a nahiyar a 2012. Sudan ta Kudu ta bi sahu a 2016, Kenya kuma a 2021. Cocin Najeriya ba ya naɗa mata firistoci. A 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku, amma hukumomin cocin suka ƙi amincewa da naɗin.

Ƙudurin 1998 da naɗin 2003

Batu na biyu bai samu irin wannan sassauci ba. A Taron Lambeth na 1998, bishop-bishop suka zartar da ƙuduri mai lamba 1.10 da ƙuri'u 526, masu adawa 70, yayin da 45 suka ƙaurace. Ƙudurin ya ce aure tsakanin namiji da mace ne, kuma saduwar jinsi ɗaya ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki. Ya ce ba zai ba da shawarar a sa wa irin wannan zama albarka ko a naɗa masu yin sa limamai ba. Haka kuma ya yi alkawarin sauraren masu neman jinsi ɗaya, ya yi tir da ƙyamarsu. Tun daga lokacin kowane ɓangare ya riƙi sashen da ya fi masa daɗi.

Shekara huɗu kacal bayan haka, dayosis ɗin New Westminster a Kanada ya amince da sa albarka ga ma'aurata 'yan jinsi ɗaya. A watan Nuwamban 2003 kuma cocin Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zama namiji a bayyane, Bishop na New Hampshire. Rahoton Windsor na 2004 ya nemi Amurka da Kanada su dakata, ya kuma nemi bishop-bishop na wasu ƙasashe su daina shiga hurumin da ba nasu ba. Babu ɓangaren da ya bi wannan kira har ƙarshe.

A 2015 cocin Amurka ya amince da ɗaura auren jinsi. Taron shugabannin larduna na Janairun 2016 ya dakatar da shi daga wasu kwamitoci na tsawon shekara uku, wanda shi ne iyakar abin da tarayyar ke iya yi. A watan Fabrairun 2023 majalisar Cocin Ingila ta amince da addu'o'in sa albarka ga irin waɗannan ma'aurata, ba tare da sauya koyarwarta a kan aure ba. Mullally ce ta jagoranci aikin da ya kai ga wannan mataki, kuma shi ne babban abin da masu sukarta ke riƙe da shi. A watan Yulin 2025 cocin Wales ya zaɓi Cherry Vann, wadda ke zaune da abokiyar zama mace, Akbishop.

Rawar Najeriya

Anglikan ta daɗe a ƙasar nan. Samuel Ajayi Crowther ya zama bishop baƙar fata na farko a ɗarikar a 1864, kuma Wusasa da ke Zariya na cikin tsofaffin cibiyoyinta a Arewa. Cocin Najeriya ya zama lardi mai zaman kansa a watan Fabrairun 1979. Ana ƙiyasta mabiyansa da kimanin miliyan 18, abin da ya sa yake cikin mafiya girma a tarayyar.

A ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola, wanda ya shugabanci cocin daga 2000 zuwa 2010, Najeriya ta zama kan gaba a adawa. A 2005 cocin ya gyara kundin tsarinsa, ya cire sharaɗin alaƙa da kujerar Canterbury, ya maye gurbinsa da alaƙa da duk cocin da ke riƙe da koyarwar asali. A 2006 aka naɗa Martyn Minns bishop a Abuja domin ya kula da majami'un Amurka da suka ɓalle suka koma ƙarƙashin Najeriya. Wasu daga cikinsu, kamar ta Falls Church a jihar Virginia, sun rasa gine-ginensu a kotu bayan shari'a ta shekaru.

A watan Yunin 2008 aka kafa GAFCON a birnin Ƙudus, makonni kaɗan kafin Taron Lambeth na shekarar, wanda Najeriya ta ƙaurace wa. Ta sake ƙaurace wa na 2022 tare da Yuganda da Ruwanda.

Arewacin Najeriya ya ba da manyan jami'ai ga ɓangarorin biyu. Josiah Idowu-Fearon, tsohon Bishop na Kaduna, shi ne Babban Sakataren Tarayyar Anglikan daga 2015 zuwa 2022. A cikin wannan lokaci ne Benjamin Kwashi na Jos ya zama Babban Sakataren GAFCON. Shugaban cocin Najeriya na yanzu, Henry Ndukuba, ya shafe kimanin shekara 20 yana Bishop na Gombe kafin ya hau kujerar a 2020.

Me ya sa aka haƙura da ɗaya, aka kasa da ɗayan?

A wurin masu ra'ayin riƙau, naɗin mata batu ne na tsarin shugabanci, wanda masu bi na gaskiya ke iya saɓawa a kansa. Shi ya sa a cikin GAFCON kanta akwai larduna masu firistoci mata da marasa su. Batun jinsi ɗaya kuwa suna ganinsa a matsayin zunubi da nassi ya ambata ƙarara a littattafan Firistoci da Romawa da Korintiyawa, don haka sa masa albarka sauya bishara ne.

Ɗaya ɓangaren na cewa coci ya sha sake duba fahimtarsa, kamar yadda ya yi a kan bauta da sakin aure. Suna kuma tunatarwa cewa Taron Lambeth na 1988 ya sassauta a kan yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, bisa wasu sharuɗɗa, saboda halin da majami'un Afirka ke ciki. A ganinsu, su ma sun cancanci a duba yanayin ƙasashensu.

Yanayin kuwa ya sha bamban. A Ingila auren jinsi halal ne a dokar ƙasa tun 2014. A watan Janairun wannan shekarar ne Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta shi a Najeriya, da hukuncin ɗaurin shekara 14. Limaman da ke aiki a tsakanin al'ummomin da ke ƙin wannan ɗabi'a na cewa matakan Turai suna zubar masu da mutunci a idon maƙwabta. Masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma na cewa goyon bayan shugabannin coci ga dokoki masu tsanani yana jefa rayukan mutane cikin haɗari. A 2023 Akbishop Justin Welby ya rubuta wa takwaransa na Yuganda, Stephen Kaziimba, yana nuna damuwa a kan yadda ya yi maraba da sabuwar dokar ƙasar.

Inda aka kwana

Sanarwar GAFCON ta ranar 16 ga Oktoba, 2025, wadda Akbishop Laurent Mbanda na Ruwanda ya sa wa hannu, ta yi watsi da duka ginshiƙai huɗun nan. Ta umarci lardunanta su daina halartar tarukan da Canterbury ke kira, su kuma daina ba da kuɗi ga Majalisar Tuntuɓa. Ƙungiyar ta ce ba ficewa ta yi ba, ita ce ainihin tarayyar, inda ta ɗauki sunan Tarayyar Anglikan ta Duniya, ta kuma sanya Abuja a matsayin wurin taron bishop-bishop ɗinta na watan Maris na 2026.

Sai dai ba duk masu ra'ayin riƙau ne ke son raba gari ba. Wata haɗakar larduna ta ƙasashen Kudancin duniya ta ƙi amincewa da jagorancin Welby a 2023, amma da yawa daga cikin mambobinta na ci gaba da zama a tarukan tarayyar. Akbishop Thabo Makgoba na Cape Town kuwa maraba ya yi da zaɓen Mullally. A ƙarshen 2024 wani kwamitin tarayyar ya gabatar da shawarwarin da ake kira na Nairobi da Alƙahira, waɗanda ke neman a rage matsayin Canterbury, a riƙa karɓa-karɓar wani sashe na shugabanci tsakanin yankuna.

Ga mai zuwa coci ranar Lahadi a Wusasa ko Onitsha, tsarin sujada da liman da bishop ba za su sauya ba, domin dama lardinsa ne ke riƙe da su. Abin da ke iya sauyawa shi ne alaƙar dayosis-dayosis da takwarorinsu na waje, da tallafin makarantu da asibitoci da ke biyowa ta wannan hanya, da kuma cocin da ɗan Najeriya zai shiga idan ya sauka a Landan ko Houston. Mafi yawan masu zuwa cocin Anglikan a yau suna Afirka ne, yayin da kujerar tarihi da dukiya mai yawa ke Ingila da Amurka. Yadda za a daidaita waɗannan biyun shi ne aikin da ke gaban shugabannin ɗarikar.