Yadda ake jawo wuta ga injin walda

Yara, kun san mai walda. Shi ne ke liƙe ƙarfen amalanke in ya karye, shi ke ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje. A Maraɗi da Damagaram, da yawa a ƙofar gidansu suke aiki, ƙarƙashin rumfa. To, yaya wuta ke isa ga injinsu?

Wutar da Nijelek ke kawowa gidaje, wadda muke ce ma kuran, ƙarfinta bolt 220 ne. Amma kowane abu da yawan wutar da yake sha, kuma da ampar ake auna wannan. Ƙwan lantarki ko rabin ampar ɗaya ba ya sha. Injin walda kuwa yana iya shan ampar 25 ko 30. A cikinsa yakan rage bolt, ya ƙara ampar har su wuce 100. Shi ya sa yake narkar da ƙarfe, abin da ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1500.

Ku dubi garken shanu in an matsa masu su bi ta ƙaramar ƙofa. Sai turereniya, har danga ta faɗi. Haka wuta mai yawa take cikin siririyar waya. Wayar ta yi zafi, robar da ke rufe da ita ta narke, zana ta kama. Na ga rumfar da ta ƙone ƙurmus a unguwarmu, don an jona inji a inda ake jona radiyo.

Saboda haka inji yana son wayarsa ta kansa, tun daga kontar. Wayar ƙwan lantarki, kaurin jan ƙarfenta milimita murabba'i 1,5 ne. Ta ampar 30 kuwa sai mai 6. In rumfar tana da nisa, a ƙara kauri. A farkon wayar ana sa abin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Waɗansu, in ya dame su da yankewa, sai su cire shi su haɗa waya kai tsaye. Wannan ganganci ne.

Akwai waya ta uku, mai launin kore da rawaya. Ana ɗaura ta ga jikin injin, a kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In wuta ta zurare cikin jikin injin, sai ta bi wannan waya maimakon hannun mutum. Busasshen rairayi irin namu ba ya ɗaukar wuta sosai, don haka a kafa sandar da zurfi, inda akwai danshi.

Wannan aiki na gwanin lantarki ne, shi ma sai ya kashe kontar tukuna. Ku kuwa, in kun biyo ta rumfar mai walda daga lakkwal, kada ku tsaya kallon hasken nan. Da dare idanunku za su yi ta zogi, kamar an zuba masu rairayi.