Hular haske mai leƙa ƙwaƙwalwar jarirai

Ɗora tocila a bayan yatsunka cikin duhu, za ka ga sun yi ja, domin haske na ratsa nama. Wannan shi ne tushen na'urar fNIRS. A 1977 Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ya nuna cewa wani haske da ido ba ya gani yana ratsa ƙoƙon kai.

Ana sa wa yaro hula mai ƙananan fitilu da maɗaukan haske. Jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya sauke ta ba sa shanye haske iri ɗaya, don haka hasken da ya dawo yana nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. Ba allura, ba zafi, yaro na zaune a cinyar uwarsa.

A 2013 tawagar Farfesa Clare Elwell ta Jami'ar UCL a Landan ta kai na'urar ƙauyen Keneba a Gambiya, don nazarin yadda tamowa ke taɓa ƙwaƙwalwar jarirai. Batun tamowar ya shafi iyaye a Galma Koudawatché da duk yankin Madawa, inda rumbuna kan yi ƙasa kafin kaka, kuma ya kamata jami'o'inmu su shiga binciken. Sai dai hasken na'urar ba ya nitso sosai: saman ƙwaƙwalwa kawai yake kaiwa.