Maƙeri Yakan Fara da Tambaya

Idan damina ta kusa faɗuwa, maƙera ba ta hutawa. Yaro yana zuga, gawayi ya yi jawur, maƙeri ya kamo ƙarfe da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, masaba tana sauka. Sai dai ba a nan aikin ya soma ba. Ya soma ne tun sa'ad da manomi ya gaishe shi ya ce fartanya yake so, shi kuwa ya ce: "Malam, gonar taka jigawa ce ko fadama?"

Amsar ita ke jan ragamar komai. Ƙasa mai rairayi tana son baki mai faɗi marar nauyi, laka kuwa sai mai kauri da zai jure tauri. Har ƙotar ma a jikin mai noma ake auna ta, don kada baya ya ƙage kafin azahar. Idan an gama ƙira aka zo tsoma ƙarfe a ruwa, nan gwaninta take: ya yi tauri fiye da kima ya karye, ya gaza ya lanƙwashe. Da ido maƙeri yake gane lokacin, daga launin ƙarfen.

Sana'ar tsohuwa ce. Masu binciken tarihi sun gano alamun narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma Abagayawa, waɗanda ake lissafawa cikin mazauna Kano na farko, maƙera ne. Yau an bar haƙar tama. Sifirin na tsohuwar mota ake saye, ƙarfen da jiya ya ɗauki lodi ya koma gatari ko adda.

Aristotal, masanin falsafar Girka, ya ce sababai huɗu ke haifar da abin da aka ƙera: kayan aiki, siffa, mai yin, da manufa. Ni a ganina maƙeri ya fi mu riƙe na huɗun. Mu da mun ji an ce fasaha sai hankalinmu ya tafi ga inji da kwamfuta, mu manta da tambayar ko don wa aka yi su. Abin da ke damuna da kayan kamfani ke nan: samfuri ɗaya ake bugawa ga kowa, kuma wanda ya ƙera bai taɓa taka gonar ba. Shi ya sa garmar shanu ta kamfani ma, idan ta ƙi ƙasa, wurin maƙerin gari ake kai ta ya sake mata baki.