Motar Turbo: A Leƙa Cikin Inji Kafin A Ƙirga Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya shiga wurin masu sayar da motocin hannu a Yamai ko Maraɗi a ƴan shekarun nan, zai lura cewa kayan da ke fitowa daga Turai sun sake kama. Motar ga ta nan fes, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, amma da an buɗe bonet sai a ga wani ɗan inji a lulluɓe da roba, dillali kuma yana ta nanata cewa turbo ce, tana gudu kuma ba ta shan mai. Maganarsa gaskiya ce, sai dai rabin gaskiyar ke nan. Sauran rabin ya kamata Alhaji ko Hajiya su ji shi kafin su zuba kuɗin adashi ko ribar shekara guda a kan ƙarfe.

Bari mu ɗauki inji ɗaya wanda labarinsa ya cika Faransa, wato PureTech 1.2 mai turbo na kamfanin Peugeot da Citroën. Tun shekarar 2021 kamfanin ya haɗe da Fiat Chrysler, suka koma Stellantis. Mun zaɓi wannan inji ne domin mutanenmu sun daɗe da yarda da tambarin zaki. Wanda ya yi zamani da 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, yana ganin duk abin da ke ɗauke da zaki jan gwarzo ne. To, ɗan ba halin uban gare shi ba.

Injin yana da silinda 3 kacal, girmansa kuma cc 1199, wato lita 1.2. Samfurin mai turbo ya fito a 2014, kuma an fi saninsa da ƙarfin doki 110 da doki 130. Mai doki 130 yana ba da ƙarfin ja na Nm 230 tun injin yana juyawa 1750 a minti, shi ya sa direba ke jin motar ta zabura da ya ɗan taɓa totur. Tsohuwar 504 mai lita 2 da kafireta ba ta cika doki 100 ba. Ana samun injin a cikin Peugeot 208, 2008, 308, 3008 da 5008, da Citroën C3 da C4, da wasu motocin Opel irin su Corsa da Crossland. Shekara huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018, yana cinye kyautar injin shekara ta duniya a ajinsa.

Ina ƙaramin inji ya samo wannan ƙarfi? Daga turbo. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƴar farfela, ita kuma ta juya wata da ke tura iska da ƙarfi cikin silinda, kamar yadda maƙeri ke zuga wuta da zugazugi. Iska ta yawaita, fetur ya ƙone sosai, ƙarfi ya ƙaru. Farfelar tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti cikin zafi mai tsanani, kuma abin da ke hana ta cin kanta shi ne baƙin mai. Duka baƙin man da ke cikin injin nan bai kai lita 4 ba. A riƙe wannan, domin duk matsalar daga nan take.

A cikin kowane inji akwai abin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul da hawa da saukar fistin. A 504 sarƙa ce ta ƙarfe. A wasu motoci bel ne na roba mai haƙora, wanda makanikanmu suka fi sani da sunansa na Faransanci, courroie, kuma a waje yake, a bushe. Masu ƙera PureTech sai suka sa bel ɗin a cikin injin, yana wanka cikin baƙin mai, don a rage ƙara a kuma rage shan fetur. A kan takarda dabara ce mai kyau. A kan hanya sai aka ga robar tana kumbura, tana tsagewa, tana zubar da ɓarɓashi tun kafin lokacinta.

Ɓarɓashin nan ba ya ɓacewa. Yana gangarawa ƙasan inji ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙo mai ta cikinta, kamar yadda dusa ke toshe rariyar mai tankaɗe. Mai ya daina isa inda ake bukatarsa, jar fitila ta kama, turbo ya fara wahala, in direba ya ci gaba da tafiya injin ya ƙwanƙwasa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɓarɓashin yana iya toshe famfon da ke taimaka wa burki, sai burki ya yi tauri a ƙafa. Mota cike da buhunan albasa daga Galmi, ga jaki ya tsallako titi, ga burki ya ƙi nutsewa: ba sai an yi bayani ba. Saboda wannan haɗari ne kamfanin ya kira dubban ɗaruruwan motoci a duba su a 2020, ya sake kiran wasu a 2022. Ya kuma rage wa'adin canza bel daga shekara 10 ko kilomita 180,000 zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000. Kilomita 100,000 kamar zuwa Yamai daga Maraɗi ne da dawowa sau 75.

Me ke cin robar? Babban abin zargi shi ne fetur da ke sulalewa ya gauraya da baƙin mai. Wannan ya fi faruwa ga motar da ke ƴan gajerun tafiye-tafiye, daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa makarantar yara, injin bai yi zafin da zai ƙone fetur ɗin ba an kashe shi. Ke nan motar Hajiya da ba ta fita gari, wadda ake yi wa kallon an lallaɓa ta, tana iya riga motar mai doguwar hanya lalacewa. Sai kuma baƙin mai da ba irin wanda kamfani ya ƙayyade ba, da jinkirin juye.

Matsala ta biyu ita ce shan baƙin mai. Zoben fistin yana cushewa da gawayi, sai injin ya riƙa ƙona mai tare da fetur. Wani lokaci ana ganin shuɗin hayaƙi, wani lokaci ba a ganin kome sai sandar awo ta nuna mai ya sauka. Injin da tun farko mansa kaɗan ne, in ya sha lita guda saura me? Akwai kuma gawayin da ke taruwa a bayan bawul, domin fetur kai-tsaye ake fesa shi cikin silinda, ba ya bi ta kansu ya wanke su. Alamar ita ce kakkarwa da safe da raguwar ƙarfi.

A 2024 Stellantis ya tsawaita garanti a kan waɗannan matsaloli har zuwa shekara 10, amma da sharaɗin a nuna takardun da ke tabbatar da an kula da motar yadda aka tsara. Motar da ta bi hannu uku, ta hau jirgin ruwa, ta kwana a tashar Lome ko Kotonu, da wuya ta iso da waɗannan takardu. A ganina kada mai saye a nan ya sa wannan garanti cikin lissafinsa ko kaɗan. Daga 2023 kamfanin ya fara fitar da sabon samfuri mai sarƙa a maimakon bel, to amma waɗanda kuɗinsu ya sauko har suka dace da aljihunmu tsofaffin ne. Kuma kada a ce Peugeot kaɗai ce: injin Ford 1.0 EcoBoost na farko shi ma bel ɗinsa cikin mai yake, ya kuma ba masu shi irin wannan ciwon kai.

Sai a ɗora namu yanayin a kai. Zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana cika matatar iska cikin ƴan makonni, ga man ƴan ruwa-ruwa na kwalba da jarka wanda ba wanda ya san abin da ya haɗu da shi a hanya. An ƙera injin nan ne don fetur mai lamba 95. 504 kome aka ba ta haɗiyewa take ta yi gaba. Wannan ba ya yafiya.

Ban ce kada a saya ba. Wanda ya sami mai lafiya zai ji daɗin ƙarancin shan fetur, kuma hawan tudu da kaya ba ya ba ta tsoro. Amma a je da bakanike na kanka, ba na dillali ba. Abin sauƙi a injin nan shi ne ana ganin bel ɗin ta bakin da ake zuba baƙin mai. A kashe mota, a buɗe murfin, a haska tocila. In bayan bel ɗin ya tsattsage, ko ya yi kaushi, ko gefensa ya fara zare, a cire kuɗin gyara daga farashi ko a bar ta. Kada a dogara da lambar kilomita da ke gaban direba, domin akwai masu mayar da ita baya. A tayar da injin da sanyin safiya a tsaya bayan salansa a ga kalar hayaƙi, a kuma taka burki sau da yawa a ji ko yana tauri.

In ciniki ya faɗa, shawarata ita ce a canza bel nan take, a sa bakanike ya kwance kaskon mai na ƙasa ya wanke rariyar, domin sabon bel a kan toshasshiyar rariya asarar kuɗi ce. A nemi baƙin mai mai lambar da ke cikin littafin motar, a cikin galan rufaffe, ba na awo ba. A riƙa juye da wuri, kada a jira wa'adin da aka rubuta don hanyoyin Turai. A duba sandar awo kowane mako. Bayan doguwar tafiya, kamar daga Damagaram zuwa Ƙwanni, a bar injin yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, turbo ya huce. In kuwa jar fitilar mai ta kama a hanya, a sauka gefe a kashe mota a wurin, ko da saura kilomita 5 a shiga gari.