Wayar Salula Ba Rumbu Ba Ce

Ɗalibin ilimin halittu a jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, kan shafe watanni yana bin gonakin albasa, har ya kai fadamun Jega da Maiyama, yana ɗaukar hotunan ganyen da cuta ta kama. Duk wannan wahala tana cikin waya guda. Idan ta faɗa ruwa, ko aka zare ta a kasuwa, sai dai a jira wani rani, domin albasa ba ta jiran mai bincike.

Ko babu ɓarawo, akwai zafi. Ma'ajiyar waya tana riƙe bayanai ne a matsayin ɗan cajin lantarki, zafi kuwa yana hanzarta yoyonsa. Ga shi a watan Afrilu zafin ƙasar Kabi yakan haura digiri 40.

Maganin bai wuce igiyar USB ba. A haɗa wayar da kwamfuta, a zaɓi tura fayil, in ba haka ba caji kawai za ta sha. Sannan a kwafe jakar hotuna mai suna DCIM, a sa mata kwanan wata. Kada a dogara ga WhatsApp, domin yakan matse hoto har tabon cutar ya dushe.

Sai dai mai karatu ya lura: daidaita waya da kwamfuta daban, ajiya daban. Na'urorin da aka daidaita suna kwaikwayon juna ne. Abin da aka goge a nan, can ma zai ɓace, tamkar kuskuren da ƙwayar halitta ke gadar wa 'ya'yanta idan ta rabu. Saboda haka a yi kwafi na uku a faifai na daban, a cire shi, a ajiye a wani gidan.