Riruwai: Garin da Kuza Ta Raina

Shirinmu na yau zai kai mu can ƙuryar kudancin Jihar Kano, bayan dajin Falgore, inda duwatsu suka kewaye Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 151,181, akasarinsu manoma, amma sunan garin da kuza aka san shi.

Akan ce Turawa ne suka gano kuza a Arewa. Ba haka ba ne. Tun kafin zuwansu mutanen Riruwai ke wanke ta a rafuka, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. A ƙarni na 19 wasu daga cikin masu narkarwar suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, suka zauna Riruwan Dalma. Sawun waɗannan tsinkaye Kamfanin Neja ya bi har ya kai ga filayen kuza a farkon shekarun 1900. Da aka raba filayen ga kamfanoni, sai murhunan gida suka mutu, mai sana'a ya koma lebura. A ganina nan garin ya yi babbar asararsa, domin daga ranar cikarsa da watsewarsa suka koma hannun masu yanka farashi a Landan. Kamfanin haƙar ma'adinai na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1972, ya zo ya haƙa rami mai zurfi a Riruwai, baƙi suka kwararo. Daga baya aiki ya kwanta, ma'aikata suka watse, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a watan Oktoban 1985.

Wani zai ce ai murhun laka da zugazugi ba zai taɓa gasa da masana'anta ba, ko da Bature ko babu. Gaskiya ne, ba wanda ke neman a koma zugazugi. Amma lokacin da aka tashi gina masana'antar narka kuza, a Jos aka gina ta. Riruwai da ta daɗe a sana'ar aka bar ta da haƙa da wanki, kuma har yau samarinta na shiga ramuka da diga da shebur, su sayar wa dillalai ɗanyar kuza a kan farashin da ba su suka yanka ba.